Kumfar iska a ƙoton roba na kamun kifi: Musabbabinta da hanyoyin magance ta

Ƙoton roba shi ne tana ko ƙaramin kifi ko kwaɗo ko ƙadangare da ake yi da roba mai taushi, masunta su maƙala a ƙugiya a madadin ƙoto mai rai. A Amurka, inda aka ƙirƙiro shi, ya zama babbar haja a shagunan kayan fatsa. Baya ga manyan kamfanoni, akwai ɗimbin masu ƙaramin jari da ke zuba shi a garejin mota ko a ɗakin bayan gida, su ƙulla a leda su sayar.

Duk wanda ya shiga wannan sana'a, aibin da ke fara cin masa tuwo a ƙwarya shi ne kumfar iska. Mutum zai dafa roba, ya tura ta cikin mazubi, ya jira ta huce, yana buɗewa sai ya tarar da kogo a kan tanar, ko ramuka a bayanta, ko wutsiya guntuwa. Ga asarar kaya, ga ta lokaci, kuma idan irin wannan ta kai hannun mai saye, sunan mai sana'ar ne zai zube. Wannan bayani ya tattaro abin da ke haddasa matsalar, da yadda ake bambance nau'o'inta, da maganin kowanne.

Asalin sana'ar

Tushen abin yana birnin Akron na Jihar Ohio, wanda ya yi suna a matsayin cibiyar masana'antun taya. A can ne a shekarar 1926 masanin sinadarai Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich ya gano yadda ake tausasa robar PVC, wato irin wadda ake bututun ruwa da ita, har ta riƙa lanƙwasuwa. A 1949 kuma wani ma'aikacin injina a birnin, Nick Creme, tare da matarsa Cosma, suka yi amfani da irin wannan roba suka zuba tana mai taushi a gidansu. A 1951 suna sayar da biyar a kan Dala ɗaya ta hanyar gidan waya. Daga baya kamfaninsu ya koma garin Tyler na Jihar Texas, domin a kudancin ƙasar ne kasuwar ta fi buɗewa.

Abin da ya bunƙasa kasuwar shi ne farautar kifin bas, wani kifin ruwan daɗi mai cin ƙananan kifaye, kamar yadda giwan ruwa ke yi a kogunanmu. A 1967 Tom Mann na Jihar Alabama ya fito da tanarsa mai ƙanshin 'ya'yan itace da ya kira Jelly Worm. A 1968 Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu gasar kamun bas ta B.A.S.S., sannan a 1972 kamfanin Mister Twister na Jihar Louisiana ya kawo samfuri mai lanƙwasasshiyar wutsiya da ke kaɗawa a ruwa. Yayin da siffofin suka ƙara sarƙaƙiya, da ƙafafu da gashin baki da siraran wutsiyoyi, sai zubawa da hannu a buɗaɗɗen mazubi ta gaza, aka koma tura robar da ƙarfi cikin rufaffen mazubi. Daga nan matsalar iska ta ƙaru, domin rufaffen wuri ba ya sakin iskarsa sai an yi mata hanya.

Kayan aiki da yadda ake zubin

Ruwan robar da ake amfani da shi sunansa filastisol. Garin PVC ne mai laushi ƙwarai da aka dama cikin wani mai da ke tausasa shi. A cikin jarka fari ne kamar madara. Idan aka ɗora shi a wuta, da farko zai yi kauri kamar kunun da ya sha gari, sannan ya saki jiki ya koma garai-garai kamar zuma. Wannan sauyi yana kammala ne a wajajen digiri 177 a ma'aunin Salshiyos, daidai da 350 a ma'aunin Farenhait da Amurkawa ke aiki da shi. Robar da ba ta kai wannan zafi ba ba ta nuna ba, kuma abin da aka zuba da ita zai fito da danƙo, ya yi saurin yagewa. Bayan ta nuna, akasarin masu sana'ar suna bari ta ɗan sauko zuwa tsakanin digiri 150 da 165 kafin su tura ta.

Masu ƙaramin aiki suna dafawa a kofin gilas mai jure zafi, irin na Pyrex, cikin na'urar maikurowef. Masu aiki da yawa kuwa tukunyar lantarki mai injin juyawa suke amfani da ita. Ana zuba launi da ƙyalƙyali, wani lokaci da gishiri da ƙanshi.

Abin turawa wani babban sirinji ne na alminiyom, mai sandar turi da zoben roba da ke hana yoyo. Mazubin kuwa ɓari biyu ne na alminiyom da injin ya sassaƙa, ana haɗa su a matse da ƙarfen matsewa. Yana da sassa biyar da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansu sauran bayanin zai gudana:

- Maƙogwaro: ramin sama inda ake cusa bakin sirinji.
- Magudana: hanyar da ke raba roba zuwa sassan mazubi.
- Mashiga: ƙuntatacciyar ƙofa tsakanin magudana da gurbi.
- Gurbi: ramin da ke da siffar ƙoton.
- Mafitar iska: siraran tsagogi, kaurinsu bai fi na gashin kai ba sosai, da suka tashi daga gefen gurbi zuwa waje.

Kafin a tura roba, gurbin cike yake da iska. Duk inda roba za ta zauna, tilas iskar wurin ta fita. Masu zubin tukwanen alminiyom a kasuwanninmu sun san wannan, shi ya sa zubin ƙasa yake buƙatar kafar da iska da tururi za su bi. Haka kuma masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, masu yin bokiti da buta da takalma, da wannan ƙa'ida injinansu ke aiki.

Illar kumfa

Wani zai ce ai kifi ba ya duba kyau. Gaskiya ne, amma kumfa tana taɓa aikin ƙoton ta fuska uku. Na farko, kogon da ke kai yana daidai inda ƙugiya ke shiga, don haka da an yi jifa biyu ko uku sai robar ta yage. Na biyu, iska tana sauya yadda ƙoton ke nitsewa. Tanar da aka tsara ta riƙa sauka a kwance tana rawa, idan akwai kumfa a gefe ɗaya sai ta karkace ko ta riƙa juyawa, layin ya murɗe. Na uku, wutsiyar da ba ta cika ba ba ta kaɗawa, alhali kaɗawar ce ke jawo kifi.

Akwai samfuran da ake so su taso saman ruwa, waɗanda ake yi da kogo a ciki da gangan, ko a zuba musu wani gari na ƙananan ƙwallayen gilas masu iska. Wannan iska ce da aka auna aka ajiye inda ake so. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai shigowa ba da gayyata ba.

A fara gane irin aibin

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne kiran kowane rami kumfa, su yi ta magani ɗaya. Aibin iri huɗu ne, kuma kowanne da inda yake fitowa.

1. Ƙananan kumfa kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, a warwatse cikin jikin ƙoton. Wannan daga ruwan robar ne.
2. Babban kogo guda a kai ko kusa da mashiga. Wannan daga sirinji ne ko daga maƙogwaro.
3. Rami mai santsi a saman fata, ko ƙafa da wutsiya da suka tsaya ba su cika ba, kuma kullum a wuri ɗaya. Wannan iskar mazubi ce da ta rasa mafita.
4. Lotsawa a wurin da ya fi kauri, kamar an danna da yatsa. Wannan ƙanƙancewar roba ce yayin hucewa, ko da yake tana kama da aikin iska.

Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce a yi zubi ɗaya da roba tsura, ba launi ba ƙyalƙyali, a ɗaga ƙoton a hasken fitila. Komai zai bayyana. Sannan a yi tambaya ɗaya: aibin wuri ɗaya yake maimaitawa, ko yawo yake yi? Mai maimaita wuri laifin mazubi ne ko yadda aka ajiye shi. Mai yawo laifin roba ne ko na hannun mai turawa.

Kumfar da ke cikin ruwan roba

Danshi ne kan gaba. Ruwa yana tafasa a digiri 100, roba kuwa tana kaiwa 177, kuma idan ruwa ya zama tururi yana faɗaɗa kusan ninki 1,700. Saboda haka ɗigo kaɗan ya isa ya cika kofi da kumfa. Hanyoyin da danshi ke shiga suna da yawa: jarkar da aka bari a buɗe a lokacin damshin iska, kofin da aka wanke bai bushe ba, launin da aka haɗa da ruwa a maimakon na mai, da kuma cokalin katako, wanda ke riƙe danshi da iska a ƙofofinsa. Da ƙarfe ake juyawa.

Gishiri yana buƙatar kulawa ta musamman. Ana zuba shi domin ya ƙara wa ƙoton nauyi, kuma kifi ya daɗe yana riƙe da shi a baki. Samfurin Senko na Gary Yamamoto da yawan gishirinsa ya yi suna. Amma duk uwargida ta san yadda gishiri ke jiƙewa da damina. Masu sana'ar suna gasa shi a tanda ya bushe sarai, su adana a rufaffen kwalba, sannan su zuba shi a hankali bayan robar ta nuna.

Hanya ta biyu ita ce girgizawa da juyawa. Garin PVC yana kwanciya a gindin jarka, don haka dole a girgiza kafin a ɗiba, in ba haka ba na sama zai yi taushi da yawa, na ƙasa ya yi tauri. Sai dai girgizawar tana cusa iska. Mafita ita ce a girgiza tun da wuri, a bar jarkar ta huta, ko a riƙa mirgina ta a ƙasa a maimakon jijjigawa. Wajen juyawa a kofi kuma, ba a kaɗawa kamar ana kaɗa ƙwai. Ana jan cokali a hankali daga ƙasa, ba tare da an riƙa fito da shi sama ba.

Ta uku ita ce sake narkar da ragowa. Abin da ya daskare a maƙogwaro da magudana, da ƙoton da ya lalace, duk ana iya mayar da su wuta, wanda yake rage asara. Amma tsakanin gutsattsarin akwai iska, kuma idan an sanyaya su a ruwa akwai danshi a jikinsu. A shanya su, a yayyanka ƙanana, a haɗa da sabon ruwan roba, a dafa a hankali.

Ta huɗu ita ce wuce gona da iri wajen zafi. Na'urar maikurowef ba ta dafawa bai ɗaya: wani gefe yana ƙonewa wani bai nuna ba. Shi ya sa ake dafawa kaɗan-kaɗan, ana fitarwa ana juyawa. Robar da ta ƙone tana komawa rawaya, sannan ruwan ƙasa, tana fitar da hayaƙi da kumfa. Wadda ta kai haka ba ta gyaruwa, zubarwa ake yi. Akwai sinadarin da ake ɗigawa domin ƙara mata juriyar zafi, musamman idan za a maimaita dafawa. A lura kuma cewa ma'aunin zafi mai haska jan haske saman roba kawai yake karantawa, don haka a juya kafin a auna, ko a yi amfani da mai tsinke da ake tsomawa.

Idan kumfar ta riga ta samu, sai a bar kofin ya zauna na ɗan lokaci da zafinsa. Kumfa za ta taso, a kwashe ta da cokali ko a bi ta kanta da na'urar hura iska mai zafi ta fashe. Masu aiki da yawa suna sayen tukunyar zuƙe iska, wadda ake rufe kofin a ciki a kunna famfo. Yayin da matsin iska ya ragu, kumfar tana kumbura ta taso ta fashe. Robar tana tasowa sosai a wannan hali, don haka ba a cika kofin.

Iskar da sirinji ke kawowa

Babban kogo guda, musamman idan yau yana wannan gurbi gobe yana wancan, akasari daga sirinji yake. Wajen zuƙo roba, dole bakin sirinji ya kasance a nitse sosai. Idan robar ta yi ƙasa a kofi har bakin ya leƙo, iska ce za ta biyo. Haka nan jan sanda da gaggawa yana jawo iska ta gefen zobe. A ja a hankali, kuma a dafa robar da ta fi abin da ake buƙata.

Bayan an zuƙo, sai a yi abin da ma'aikaciyar jinya ke yi kafin ta yi allura: a ɗaga bakin sirinji sama, nesa da fuska, a tura sanda kaɗan har roba ta leƙo. Iskar da ke gaba ta fita ke nan. Wanda ya tsallake wannan mataki, iska ce farkon abin da zai aika cikin mazubi.

Zoben robar da ke jikin sanda yana cinyewa da zafi da yawan aiki. Alamarsa ita ce roba na tsattsafowa bayan sanda, ko sandar ta yi sako-sako. Canza shi ba ya cin kuɗi, kuma ana shafa masa ɗan man da ake shafa wa ƙoton domin ya riƙa tafiya sumul. Sirinji mai sanyi kuma yana daskarar da robar da ta fara shiga, ta zama toshi. Ana ɗumama shi ta hanyar zuƙowa da mayarwa sau biyu ko uku a hankali, bakin na nitse.

Abu na ƙarshe, kada a tura sanda har ƙarshenta. Idan sirinji ya ƙare kafin mazubi ya cika, ko aka cire shi aka sake cikowa, za a sami gaɓa da kogo a inda turi na farko ya tsaya.

Iskar da ta maƙale a mazubi

Wannan shi ne nau'in da ya fi ba da wahala, domin robar tana iya zama tsaf, sirinji lafiya lau, amma rami ya ci gaba da fitowa a wuri ɗaya. Dalilin shi ne roba ta zagaye iska ta rufe ta kafin ta kai mafita.

Saurin turi shi ne abin dubawa na farko. Idan aka danna sanda da ƙarfi, roba tana fesawa cikin gurbi kamar ruwan famfo, ta naɗe iska a tsakiya, ta kuma toshe mafita tun iska ba ta gama fita ba. Ƙarfin da ya yi yawa yana kuma buɗa ɓarin mazubi, roba ta tsattsafo ta yi geza a gefe. Idan kuma aka yi sanyin jiki da yawa, sirarar wutsiya za ta daskare tun ba ta cika ba. Abin da ake so shi ne turi na bai ɗaya, ba tsayawa ba fizga, har a ji sanda ta cije.

Na biyu shi ne zafin mazubi. Alminiyom yana shan zafi da sauri, shi ya sa zubin farko a mazubi mai sanyi yakan fito da guntayen ƙafafu. Ana ɗumama mazubin kafin a fara, ko a ɗauki zubi ɗaya ko biyu na farko a matsayin na ɗumamawa. Samfuri mai siraran gaɓoɓi yana son roba mai ɗan zafi, mai kauri kuma yana son wadda ta ɗan huce.

Na uku su ne mafitan iskar kansu. Suna toshewa da mai da guntun roba da ƙyalƙyali. A riƙa bin su da tsinken sakace ko burushi mai taushi, ba da ƙarfen da zai karce alminiyom ba. Idan an share amma ramin bai daina ba, wataƙila babu mafita a wurin ne. Masu sana'ar sukan ja siririn layi da bakin wuƙa ko ƙaramin magagari daga inda ramin ke fitowa zuwa gefen mazubi. A nan haƙuri ake buƙata: a karta kaɗan, a gwada, a ƙara idan bai isa ba. Tsagin da ya yi zurfi zai riƙa fitar da roba, kuma abin da aka sassaƙe ba ya komawa.

Na huɗu shi ne yadda aka tsayar da mazubin. Iska sama take nema. Idan wani lungu na gurbi, kamar ƙusumbin baya ko ƙwayar ido, ya zamo shi ne mafi tsawo kuma ba shi da mafita, nan iska za ta taru. Sau da yawa karkata mazubin kaɗan, ta yadda lungun zai kalli inda mafita take, yana kawar da matsalar ba tare da an taɓa ƙarfe ba.

Waɗanda ke haɗa mazubinsu da farar ƙasar filasta suna da ƙarin matsala guda: filasta tana da ƙananan ƙofofi masu riƙe iska da danshi, waɗanda zafin roba ke korowa. Dole ta bushe sarai, sannan a shafe fuskarta da abin da zai toshe ƙofofin.

Lotsawa da kogon ƙanƙancewa

Roba tana ƙanƙancewa yayin da take hucewa. Fatar da ke taɓa ƙarfe ita ke fara daskarewa, tsakiya na nan da zafi. Da tsakiyar ta fara raguwa, sai ta nemi ƙari daga magudana. Idan ta samu, ƙoton zai fito cikakke. Idan mashiga ta riga ta daskare, sai ta jawo fatar ciki ta lotsa, ko ta bar kogo a tsakiya. Idan kuma mashiga na buɗe amma maƙogwaro ya ƙafe, sai ta zuƙo iska daga sama, a sami rami a kan ƙoton da ya fi kusa da maƙogwaro.

Maganin matakai uku ne. Bayan sanda ta cije, a ci gaba da riƙe ta da ɗan matsi na wasu daƙiƙoƙi, mai kauri ya fi buƙatar jinkiri. Bayan an cire sirinji, a cika maƙogwaro da roba, a sa ido: za a ga tana lotsawa ƙasa kamar mazurari, sai a ƙara har ta tsaya. Sannan a rage zafin robar, domin wadda ta fi zafi ta fi ƙanƙancewa. Idan duk an yi haka lotsawar ba ta tafi ba, mashigar ce ta yi ƙanƙanta, kuma faɗaɗa ta kaɗan yana ba ta damar daɗewa a buɗe.

A samfuri mai launi biyu, inda ake haɗa sirinji biyu su tura tare, dole zafin kofunan biyu ya zo daidai. In ba haka ba mai ruwa-ruwa zai riga mai kauri, a sami kogo a tsakaninsu.

Tsarin bincike

Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda, ko matsalar ta tafi ba zai san abin da ya kore ta ba. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane zubi, a rubuta a littafi: zafin roba, sunan mazubi, yawan gishiri, tsawon riƙe matsi, da yanayin garin. A fara da abin da ba ya cin kuɗi, wato fitar da iskar sirinji, rage sauri, riƙe matsi da cika maƙogwaro. Daga nan a koma kan zafi da danshi. Sassaƙa mazubi shi ne mataki na ƙarshe, bayan an tabbatar sauran ba su da laifi.

Kariyar lafiya

Robar da ke digiri 170 ta fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma tana manne wa fata. Safar hannu mai kauri, tabarau, riga mai dogon hannu da rufaffen takalmi wajibi ne. Kada a kawo ruwa kusa da kofi, domin ɗigonsa yana sa roba ta yi tsalle. Kada a leƙa maƙogwaro yayin turi, kuma a tabbatar an matse mazubi sosai. PVC da ya ƙone yana fitar da iskar haidurojin kulorayid mai cin ido da huhu, saboda haka a yi aikin inda iska ke ratsawa, kuma na'urar da aka dafa roba a ciki ba ta sake ganin abinci ba. Idan roba ta zuba a fata, a sa wurin ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu na kimanin minti 20, a nufi asibiti idan ƙunar ta yi faɗi.

Akwai kuma batun man tausasawar. Tarayyar Turai ta taƙaita wasu nau'o'i huɗu na sinadaran fitalet a kayayyakin roba zuwa ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari tun daga Yulin 2020, kuma kamfanoni da dama yanzu suna sayar da filastisol da ba ya ɗauke da su. A Jihar Maine ta Amurka ma an taɓa gabatar da ƙudurin hana ƙoton roba a 2013, saboda kifaye na haɗiye wanda ya tsinke a ruwa. Ƙudurin bai zama doka ba, amma ya nuna cewa ƙoton da ke saurin yagewa ba aljihun mai shi kaɗai yake cutarwa ba.

Abin lura ga ɗan kasuwa

A ƙasar Hausa masunta sun fi dogaro da taru da koma da mali da ƙoto mai rai, amma ƙoton roba yana kama kifaye masu farauta irin su giwan ruwa, kuma masu fatsar nishaɗi suna amfani da shi a wurare kamar Tafkin Nasser na Masar. Ɗan kasuwar da ya yi niyyar shigo da shi, ko matashin da ke son koyon zubinsa, zai iya gwada kaya da hannunsa kafin ya biya: ya ɗaga a haske ya duba kumfa, ya matsa kan ya ji ko akwai kogo, ya ja wutsiya ya ga ko za ta koma, sannan ya jefa biyu ko uku a bokitin ruwa ya ga ko nitsewarsu iri ɗaya ce. Idan a leda guda wani ya nitse wani ya taso, to ba a kula da iska ba wajen zubin, kuma haka sauran katan ɗin zai kasance.